Tiya biyu a shagona

Na jima ina son in rubuta wannan magana amma kunya take hana ni, yau dai na ce bari in rubuta ko akwai ɗan'uwa a cikin Almasihu da yake cikin irin ramin da na zauna shekara da shekaru. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maraɗi, hatsi nake saye da sayarwa, gero da dawa da wake, wani lokacin masara idan ta shigo. Na fara ne tun da na bar lakwal, a wajen kawuna na koyi sana'ar, shi ya nuna mini yadda ake bin kasuwannin ƙauye da kaka, wajen Cadawa da Tsibiri da Madarumfa, a sayi hatsi lokacin da yake da araha a zuba a magaza, a jira bazara ta yi nisa rumbunan mutane su fara ƙarewa sannan a fito da shi. Wannan ba laifi ba ne, kasuwa kenan. Laifin yana cikin wani abu ƙarami da shi ma a wajen nan na koya, wato tiya biyu.

Wanda ba ya harkar awo bari in yi masa bayani. Tiyar gero tana ɗaukar wajen kilo 2 da rabi, buhun kilo 100 kuma wajen tiya 40 ne. To ni ina da tiyar da nake saye da ita, an ɗan bubbuge gindinta ta yi zurfi, ina kuma da wadda nake sayarwa da ita, ita kuma an ɗan turo gindinta sama. In ka ajiye su gefe da gefe ba za ka gane komai ba, fenti ɗaya tsatsa ɗaya. Bambancin bai wuce tafin hannu ɗaya ba. Amma tafi ɗaya sau 40 a kowane buhu, ka lissafa buhu nawa ke wucewa ta hannun mutum a kaka ɗaya. Kuma daga wa nake ɗaukar wannan tafin? Daga matar da ta ɗauko tiya uku a ka tun daga ƙauye don ta samu kuɗin maganin yaro, daga tsohon da ya zo sayen tiya ɗaya da yamma don gidansa ba a ɗora tukunya ba tun safe.

Duk wannan lokacin fa ni ba baƙo ba ne a majami'a. Ranar Lahadi ina cikin na farko, na yi shekaru a ƙungiyar mawaƙa, ushirina ba ya makara, ranar bikin godiya na kaka kuma buhu guda nake sa a ɗauko a amalanke a kai gaban bagade, mutane suna tafi ana guɗa, ni kuma zuciyata tana gaya mini ai ni da Allah babu bashi.

Innata ce ta fara tona ni. Ta zo daga ƙauye ganin likita saboda ciwon gwiwa, da muka fito sai na ce ta zauna a shago ta huta kafin in nemo mata kabu-kabu. Tsohuwa ce da ta yi awo tun tana budurwa, hannunta ya san nauyin tiya kamar yadda ya san tabarya. Ina can ina ciniki da wani sai ta jawo tiyar da ke kan buhu ta cika ta, ta jawo wadda ke ɓoye bayan buhunan ta juye a ciki. Gero ya zube a ƙasa. Ta sake yi, ya sake zuba. Ba ta ce komai ba sai da mai sayen ya tafi, sannan ta dube ni ta ce, ɗana, wacce daga ciki kake auna ma Ubangiji da ita?

Na fara kame-kame, na ce Inna ai kowa haka yake yi, in ba ka yi ba kasuwa ta cinye ka. Ta ce ni ban tambaye ka kowa ba, kowa ba ni na haihe shi ba. Ta ɗaura gyalenta ta ce in kai ta gida.

Kun san abin da na yi bayan wannan? Ban jefar da tiyar ba. Lahadin da ta biyo sai na ninka baikona. Da aka ce ana neman taimakon kwano don rufin makarantar Lahadi ni na fara ɗaga hannu. Na yi wata kusan huɗu a haka, ina ba Allah duk abin da bai tambaye ni ba don kada in ba shi abu ɗaya da ya tambaya.

Muna da al'ada a gidanmu, bayan tuwon dare muna karanta sura ɗaya da yara kafin a yi addu'a. Muna bin littafin Sama'ila na fari ne a lokacin, sai muka kawo sura ta 15, ɗiyata ce ma take karantawa don ita ta fi son karatu da ƙarfi. Na san labarin tun ina yaro, amma daren nan kamar ban taɓa jin sa ba. Allah ya aiki Sama'ila wurin sarki Saul da umarni a kan Amalekawa, kada ya bar komai. Ba zan ɓoye ba, surar tana da nauyi, hukunci ne a kan wata al'umma a wancan zamani, kuma ba umarni ba ne gare mu, mu Ubangijinmu cewa ya yi da Bitrus ya mai da takobinsa kube. Amma abin da ya kama ni shi ne abin da Saul ya yi da umarnin. Ya tafi yaƙin, bai ƙi ba. Ya ci nasara. Duk abin da ba shi da amfani, ramammu da marasa daraja, ya hallaka su ba gardama. Sai ya bar sarki Agag da rai, ya bar tumaki da shanu masu ƙiba. Wato ya yi biyayya daidai inda biyayyar ba ta ci masa komai ba, inda riba take kuma sai ya tsaya.

Sannan ya wuce Karmel ya kafa wa kansa abin tunawa, ya gangara Gilgal. Sama'ila kuwa kwana ya yi yana kuka ga Ubangiji saboda shi. Da suka haɗu da safe Saul ne ya fara magana, da fara'arsa, wai Ubangiji ya sa maka albarka, na cika umarnin Ubangiji. Sai tsohon ya ce, to wannan kukan tumaki da nake ji fa, da na shanu? A nan ne na ji jikina ya yi sanyi, don muryar Inna na ji, da ƙarar geron nan yana zuba a ƙasan shago. Amsar Saul kuma kamar daga bakina aka ɗauko ta, mutane ne suka bar su, kuma ai don a yi wa Ubangiji hadaya ne. Kowa haka yake yi, kuma ai ina kai buhu majami'a.

Aya ta 22 kowa ya haddace ta, biyayya ta fi hadaya, saurare kuma ya fi kitsen raguna. Mun yi ta rera ta, ni kaina na rera ta a gaban jama'a da riga mai kyau. Fastonmu ya taɓa gaya mana cewa a Ibrananci kalmar da aka fassara biyayya a wannan aya ita ce kalmar ji, kuma ni wannan bai ba ni mamaki ba don haka muke faɗa mu ma. In an ce yaro ba ya ji ai ba kurma ake nufi ba. In kunne ya ji jiki ya tsira, ba don sautin ya shiga kunne ba sai don ƙafa ta bi. In ka duba surar da kyau duk maganar murya ce, muryar Ubangiji da aka ce Saul ya ji, muryar tumaki da Sama'ila ya ji, sannan a aya ta 24 Saul da bakinsa ya ce na ji tsoron mutane na bi muryarsu. Kowa yana jin wata murya, ba wanda ba ya ji. Ni muryar kawu nake ji da ta abokan kasuwa da ta aljihuna.

Akwai wani abu a ƙarshen labarin da ya fi ba ni tsoro. Bayan Saul ya ce na yi zunubi, abin da ya roƙa shi ne Sama'ila ya girmama shi a gaban dattawan jama'a. Mulki ya riga ya fita hannunsa amma damuwarsa kada mutane su gani. Ni ma da Inna ta kama ni abin da ya fara zuwa raina shi ne kada ta gaya wa Fasto, kada dattawan ikkilisiya su ji. Ko sau ɗaya ban yi tunanin matar nan mai tiya uku ba.

Daren nan ban yi barci ba. Uwargida ta ga ina juye-juye ta ce Baban yara lafiya? Na gaya mata komai. Ta yi shiru, can ta ce ta daɗe da sani, tana dai addu'a ne. Ta tashi ta ɗauko Littafi ta haska da tocilan waya ta buɗe mini Maimaitawar Shari'a 25, daga aya ta 13. Kada ka riƙe ma'auni iri biyu a jakarka, babba da ƙarami, kada ka ajiye mudu iri biyu a gidanka, babba da ƙarami. Ko fassara ba ya buƙata, kamar an leƙa bayan buhunana aka rubuta. Daga baya na ga Amos ma a sura ta 8 ya yi maganar 'yan kasuwar da suke ƙosawa ranar hutu ta wuce su koma sayar da hatsi, su rage mudu su ƙara kuɗi, su sayar har da sharar alkama. Su ma fa masu kiyaye ranar sujada ne, ba su buɗe shago ranar ba, suna zaune a wurin ibada zuciya tana kasuwa.

Abin mamaki, ko bayan wannan sai na sake neman wata hanya. Na ce zan yi azumin kwana uku, zan ba marayu buhu biyu, zan yi wani babban abu. A nan labarin Na'aman ya taimake ni, kuma labari ne da gidanmu ba ma wasa da shi. Kakana kuturta ce ta kai shi Danja, asibitin nan da mishan suka buɗe a 1956 a kan hanyar da ta nufi iyakar Najeriya, can ya fara jin bishara, can ya koyi karatun boko har ya iya karanta tsohuwar fassarar nan ta 1932, daga nan bangaskiya ta shigo zuriyarmu. Inna takan ce a zamaninsu maganin ba wani abu ba ne mai ban tsoro, ƙwaya ce ƙarama ana sha shekara da shekaru, da wanke ƙafa da duba ta kullum kada ƙaya ta shiga ba a ji ba. Wasu sukan raina, su ce wannan ɗan abin ne zai warkar da kuturta, su koma neman wanda zai yi musu babban aiki da baƙin bunsuru. Kaka ya zauna ya sha.

To Na'aman shugaban sojojin Suriya ne, shi ma kuturta ce ta kama shi, ya zo neman waraka da azurfa da zinariya da riguna goma, yana jiran annabi Elisha ya fito ya tsaya ya kira sunan Allahnsa ya kaɗa hannu a kan ciwon. Elisha ko fitowa bai yi ba, ɗan aike ya tura, je ka yi wanka a Urdun sau bakwai. Mutumin ya fusata, ya ce Abana da Farfar, kogunan Dimashƙu, ba su fi duk ruwan Isra'ila ba? Barorinsa ne suka lallashe shi, suka ce Baba, da babban abu annabin ya ce ka yi ai da ka yi, balle wanka kawai. Babban abu yana da daɗi don mutum yana fita da girmansa, a ce wane ya yi. Ƙaramin abu kuwa sai ka tuɓe a bakin kogi kowa ya ga ciwon. Azumin kwana uku ya fi mini sauƙi a kan in ɗauki tiya ɗaya in fitar da ita daga shago, don azumi ba zai sa kawu ya tambaye ni dalili ba.

Wata Litinin da sassafe kafin kasuwa ta cika na ɗauki su biyun na kai wa maƙeri na ce ya fasa gindinsu. Ya ce ai masu kyau ne, na ce ka dai fasa. Na sayi sabuwa ɗaya, na je wurin maƙwabcina a kasuwa, wani Alhaji dattijo da muka yi shekaru muna gaisawa, na ce Alhaji ara mini tiyarka in gwada tawa. Na zaɓe shi ne don duk layinmu an san tiyarsa ɗaya ce, da ita yake saye da ita yake sayarwa, wannan ma kaɗai ya isa ya ƙaryata maganata ta kowa haka yake yi. Ya dube ni ya gane, bai kunyata ni ba, ya ce Malam ka yi wa kanka, mu ma a wurinmu tauye mudu babban abu ne, Allah shi ba mu ikon gyarawa. Na ce amin. Na koma shago ina tunanin shekara nawa mutumin nan yana kallon Kirista ɗaya tilo a layin yana awo da tiya biyu, ni da ya kamata a ga Almasihu a hannuna.

Kawu bai ji daɗi ba ko kaɗan, ya ɗauka ina zarginsa ne, mun yi wajen wata biyu gaisuwa kawai. Ban yi masa wa'azi ba, shi ya riƙe ni lokacin da ba ni da komai kuma har gobe ubana ne. Na dai ce masa Kawu ni na kasa barci ne.

Maganar mayarwa ita ce har yanzu take damuna. Zakka mai karɓar haraji a Luka 19 ya ce duk wanda ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu, shi wataƙila yana da takardu ya san mutanensa. Ni ina zan ga matan da na saya a hannunsu shekara goma da suka wuce a kasuwar da ko sunan ƙauyensu ban tambaya ba? Waɗanda na sani, masu tuwon sayarwa da masu fura da suke saye a wurina kullum, na bi su ɗaya ɗaya na gaya musu gaskiya na ƙara musu abin da na iya lissafawa. Wata ta yi kuka, wata ta zage ni kuma tana da gaskiya, ba ta sake saye a wurina ba. Sauran kuma abin da na iya shi ne in na je ƙauye saye ina barin mai hatsi ya auna da hannunsa, in kuma ina sayarwa ina tunawa da mudun da Yesu ya faɗa a Luka 6, a danna a girgiza har ya zuba.

Ina so in faɗi wani abu a fili saboda irin wa'azin da ke yawo yanzu a WhatsApp, wai ka yi biyayya yau gobe ka ga mota. Ni ban ga mota ba. Ribata ta ragu, kuma ba da daɗewa ba Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agustan 2019, wake ya zauna mana a magaza, kowa a Maraɗi ya san yadda kasuwa ta kwanta lokacin. Akwai watan da kuɗin lakwal na yara sai da uwargida ta sayar da akuyarta. Biyayya ba adashi ba ce da za ka zuba wa Allah ka jira ranar kwasarka. In da haka ne da Yesu bai ƙare a kan gicciye ba, shi da Filibiyawa 2 ta ce ya yi biyayya har mutuwa, Ibraniyawa 5 kuma ta ce ko da yake Ɗa ne ya koyi biyayya ta wurin wahalar da ya sha. Wannan ayar takan sa in yi shiru. In shi ya koya ta hanyar wuya, ni wane ne da zan ce sai ta hanyar riba.

Kuma kada wani ya ji kamar ina cewa fasa tiya ne ya cece ni. Alheri ne ya cece ni tun ina awo da tiya biyu, alherin nan ne ma ya turo Inna shago ranar. Yesu cewa ya yi in kuna ƙaunata za ku kiyaye umarnina, ƙaunar ce a gaba. Abin da ya canza shi ne yanzu in na durƙusa ba na jin kukan tumakin nan a bayana, ina iya cin Jibin Ubangiji ba tare da gurasar ta tsaya mini a wuya ba. Labarin 'ya'ya biyun nan na Matiyu 21 yana ƙarfafa ni ƙwarai, wanda ya ce wa ubansa to Baba zan je gona bai je ba, da wanda ya ce ba zan je ba daga baya ya tuba ya tafi. Na yi shekaru ina na farkon, to Baba a majami'a da murya mai daɗi, amma uban bai rufe ƙofar gona ba.

Dalilin da ya sa na rubuta yau kuwa, akwai wata tunkiya da ta rage. Ni da wana ba mu yi magana ba tun rabon gonar Baba, shekara uku ke nan, a kan iyaka ce da wata bishiyar gawo da kowa ya ce a gefensa take. In mun haɗu a biki ko jana'iza kowa sai ya kama gefensa, yaranmu ma sun fara koyon hakan. Lahadin da ta wuce ina cikin layin baiko da kuɗina a hannu sai Matiyu 5 ta faɗo mini, in kana miƙa baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon nan gaban bagade, ka je ku shirya tukuna. Ayar ba ta tambayi wa ke da gaskiya a kan gawon ba, ni kuwa shekara uku wannan tambayar nake riƙe da ita. Na saka kuɗin dai don layi yana tafiya, amma na san ba abin da aka ce in yi ke nan ba.

Na kira Inna jiya da dare na ce mata ranar Asabar zan zo gida, ta gaya wa Yaya kada ya tafi ko'ina. Ta ce in ya ƙi fitowa fa? Na ce zan zauna a zaure har ya fito. Ta ce to ka taho da sukari da ganyen shayi, shina son mai ƙarfi, kuma kada ka zo da maganar gawo a bakinka. Na sayi sukarin da safen nan yana cikin jakata, ku sa ni a addu'a don har yanzu ban san kalmar da zan fara da ita ba bayan sallama.